Wa Ya San Abdul-Maksud?

Ustaz Wagdi ya rubuta kalmar famous a allo da manyan baƙaƙe, yana ja mata layi ke nan wayarsa ta fara kaɗawa a aljihu. Bai ɗauka ba. Darasi ne da yake ji da shi. Duk shekara idan aka zo kansa yakan daɗe fiye da yadda littafi ya nema, ya gyara zaman tabarau, ya gaya wa ɗaliban sakandaren da yake koya wa Turanci a Mansura cewa ma'anar kalmar shahararre, amma kada su riƙa liƙa ta ga kowane mai facin taya da aka sani a lungunsu. Shahararre, in ji shi, shi ne wanda mutanen da bai sani ba suka san shi. Daga nan sai misalai, Dumyat ta shahara da kujeru da gadaje, Tanta ta shahara da alewa. Yara su kwafa, rabinsu suna hamma.

Da wayar ta ƙi yin shiru sai ya fita baranda. Matarsa Ilham ce. Ta ce ta kai wa tsoho shayi ta tarar ya cika, yana kwance yadda aka bar shi da safe, fuskarsa tana kallon taga. Wagdi ya ce to. Ya tsaya yana duban filin makaranta, yana jiran abin da mutane ke ji idan ubansu ya mutu ya zo masa. Bai zo ba. Ya koma aji ya ƙarasa misalin da ya riga ya fara, ya ba da aikin gida, ya goge allin hannunsa da hankici, sannan ya je neman izini wurin shugaban makaranta.

Sunan mahaifinsa a katin shaida Abdul-Maksud Sha'aban Rizk. A garinmu Kafr Gisr kuwa, ko ka tsaya tsakiyar kasuwa ka yi ta kiran wannan suna har muryarka ta dushe, shi kansa mai sunan ba lalle ya waiwayo ba. Batta muka sani, wato agwagwa. An haife shi ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ƙugu a karkace, in yana tafiya sai ya riƙa rangaji dama da hagu, kuma tun bai yi wayo ba sunan ya manne masa. Da wani ne da ya tsufa da fushi. Shi karɓar sunan ya yi ya ci abinci da shi. Amalankensa yana bakin gada, lokacin zafi jiƙaƙƙen waken turmus da gishiri da lemon tsami, lokacin sanyi gasasshen dankali. Babu bikin da ake tashi ba a jawo shi tsakiyar fili ya yi tafiyar agwagwa da gangan ba, har da kaɗa gindi, mata su yi guɗa, maza su riƙe ciki.

Wagdi yana gefe yana gani. Ɗan Batta ne a firamare, ɗan Batta ne a sakandare, yara suna bin sa da kukan agwagwa har ƙofar aji. Ya yi karatu kamar wanda kare ya biyo, ya shiga jami'a, ya zauna a Mansura, ya auri 'yar gidan da ake cin shinkafa da cokali mai yatsu, ya zama Ustaz. A gidan surukansa abin da aka sani shi ne mahaifinsa ɗan kasuwa ne a ƙauye, mai fama da ciwon ƙafa. Zuwansa garinmu ya koma daga salla sai salla, shi ma a gurguje, kafin a gan shi ya juya. Da shanyewar ɓarin jiki ta kada tsohon a farkon sanyi, Wagdi ya zo da mota ya ɗauke shi, don ba ɗan banza ba ne. Ya ba shi ɗaki mai taga da sabon bargo. A gidan Hajj Abdul-Maksud ake ce masa, duk da bai taɓa taka Makka ba, kuma sau da yawa sai an sake kira kafin ya gane da shi ake.

Abu ɗaya Batta ya roƙa a duniya, kuma kowa ya san shi don bai taɓa ɓoyewa ba. Mutumin jana'iza ne. Lasifikar masallaci na yin tari, kafin ladan ya kai ƙarshen suna ya bar amalanke a hannun duk wanda ke kusa ya kama hanya. Ta mai kuɗi, ta mabaraci, ta jariri, ta baƙon da jirgin ƙasa ya take, duk yana cikin sahu. Har kafaɗa yake sawa a makara, makarar ta karkace ta ɓangarensa, a yi ta ce masa, "Batta, a hankali, za ka zubar mana da Hajj a ƙorama." Shi kuwa sai ya ce mutanensa yake tarawa. Ranar tasa, in ji shi, sai masallaci ya cika an shimfiɗa tabarmi a waje, sai an tare titi direbobi sun yi zagi. Ko a ɗakin Mansura, da rabin bakin da ya rage masa, ya maimaita wa Wagdi wannan. A mayar da shi gida, a sallace shi a babban masallaci, a gaya wa mutane.

Wagdi ya kira ƙanwarsa I'timad da ke aure a Kuwait. Ta yi kukan da shi ya kasa, har mijinta ya karɓi wayar ya mayar mata. Ba za ta iso kafin binnewa ba, ta sani. Abin da ya fito daga bakinta da za a iya ji shi ne, "Ka tabbata kowa ya ji, Wagdi." Ya ce to.

Aka yi wa gawa wanka a Mansura. Yayyen Ilham biyu, Injiniya Midhat da Dakta Ra'uf mai kantin magani, suka ce za su bi motar gawa a tasu, abin da ya kamace su a matsayin surukai. Wagdi ya riga su yin gaba don ya shirya kabari da rumfar ta'aziyya da shela. Mahaifiyarsa a ƙauyen iyayenta aka binne ta tun yana yaro, don haka a sabuwar maƙabarta ya sami wuri, inda ba wanda zai ce na gidan wane ne.

A garinmu ba a shelar mutuwa da sunan kati kaɗai. Ladan zai faɗi cikakken suna saboda Allah da hukuma, sannan ya ce wanda ya shahara da kaza, a nan ne ake kasa kunne. Mun ji shelar Hajj wane wanda ya shahara da Rabin Kilo, da wane wanda ya shahara da Mai Tumbi, da wane wanda ya shahara da Jirgin Yamma. Ba wanda ya taɓa dariya. Salati ake yi, a rufe shago a nemi takalmi.

Amm Hilal ladan yana zaune a ɗan ɗakinsa na gefen masallaci, ido ya yi rauni, kunne garau. Abin da ya gani mutum ne cikin kwat da tabarau, mai maganar birni. Ya yi masa ta'aziyya ya tambayi sunan mamaci. Da aka faɗa, ya juya sunan a baki kamar mai laluben ƙaya a kifi, ya tambaya ko gidan Rizk na bayan injin niƙa ne ko na tsallaken ƙorama. Wagdi ya ce a Mansura ya rasu.

"To, ya shahara da wa?"

"Ba shi da wani suna."

"Haba Ustaz. Ko jakin garin nan suna biyu gare shi. Ni kaina Hilal ba shi ne a katina ba, ka je ka tambayi tsohuwata ko ta san na katin."

"Sunansa ke nan, Amm Hilal. In kana son ƙari ka ce mahaifin Ustaz Wagdi Abdul-Maksud, malamin Turanci a Mansura."

Hilal ya ɗaga kafaɗa ya ce mai gawa shi ke da magana. Ba mugunta ce ta sa Wagdi haka ba. A ransa yana ganin gata ne zai yi wa uban, a ce sau ɗaya dai a duniya a kira shi da sunan da aka raɗa masa, ba tare da an haɗa shi da tsuntsu ba. Akwai kuma Injiniya da Dakta da za su iso daidai lokacin da za a maimaita shela kafin la'asar. Duka biyun gaskiya ne, kuma bai tsaya auna wanne ya fi nauyi ba. Ranar ba abin da yake da nauyi a wurinsa.

Yana kan gada shelar ta tashi. Wurin amalanken ubansa masu babur mai ƙafa uku, wato tuktuk, sun maye shi, sai baƙin tabon gawayi a jikin bango. Wata mai sayar da ganye ta dakata da ɗauri ta tambayi maƙwabciyarta wa aka ce. Ɗayar ta ce wani ɗan birni ne, Allah ya jiƙansa, sannan ta ci gaba da cinikin tumatir. Wagdi ya ji su sarai. Tsakaninsa da su bai wuce miƙa hannu ba, kuma kalma ɗaya ta isa. Ya wuce wurin mai hayar kujeru, ya ce a kawo da yawa.

La'asar ce ta ranar aiki. Tsofaffin da ba sa rasa jam'i ne a masallaci, da Injiniya da Dakta, da direban motar gawa da ya shigo don kunya. Limamin yaro ne da ma'aikatar addini ta turo daga wani gari. Da aka ajiye makara a gaba, ya waiwaya ya ce a matso a cike sahu. Aka matso. Sahu ɗaya ne, shi ma akwai wurin mutum biyu ko uku a ƙarshensa. Wagdi ya yi kabbara tare da su, yana kallon wani zare da ya fita daga gefen darduma, yana tunanin ya kamata a yanke shi.

Masu ɗauka suka yi kaɗan, ba mai karɓar wani. Dakta Ra'uf ya sa kafaɗa yana lura da takalminsa. Makarar ta tafi sak, ba karkata ko ɗaya, Wagdi ya lura da haka. Da suka zo gaban gidan gahawar Ma'allim Dasuki, inda Batta ya sha shayin kyauta tun kafin a haifi Wagdi, maza suka miƙe kamar yadda aka saba, kowa ya ɗaga manuniya ya yi shahada. Dasuki ma ya miƙe, bakin shisha a hannu. Suna wucewa aka zauna, ƙarar wasan domino ta dawo.

Gum'a mai haƙan kabari ne ya shiga ya karɓi gawa. Shi ke kwance ƙullin likkafani, ya juya mamaci ga alƙibla, ya gyara masa kwanciya. Ya daɗe a ciki fiye da yadda ya saba. Da ya fito bai nemi bulo da laka ba, ya tsaya yana duban tafin hannunsa.

"Ustaz, wa na kwantar?"

"Babana."

"Ƙafar nan na san ta. Na sha ganinta tana shigo mini maƙabarta a ƙarƙashin makarar wasu." Ya matso ya leƙa fuskar Wagdi ta bayan tabarau. "Kai ne ɗansa na Mansura."

Wagdi ya gyaɗa kai. Gum'a ya ɗauko bulo da laka. Ya rufe kabarin a hankali, ya shafe laka da hannu har ta yi sumul, ya tafi ko ladarsa bai tsaya karɓa ba. Injiniya Midhat ya tambaya ko akwai wata matsala, Wagdi ya ce babu.

Rumfar ta'aziyya ta yi kyau, a faɗi gaskiya. Jan yadi mai zane, fitilu, kujeru layi-layi, mai karatun Alƙur'ani a kan kujerarsa mai tsawo, mai gahawa da butarsa yana jiran wanda zai zuba wa. Bayan magariba Wagdi ya tsaya a bakin shiga inda masu gawa ke tsayawa, surukansa a gefensa. Mai karatu ya karanta rubu'i guda ga kujeru. Mai gahawa ya zuba wa kansa. Dakta Ra'uf ya duba agogo ya ce mutanen ƙauye dama ba su san lokaci ba. Wagdi bai ji kunya ba, bai ji baƙin ciki ba. Ƙafafunsa ne kawai ke ciwo.

Sai ga Amm Hilal, Gum'a yana riƙe da hannunsa. Tsohon bai gaisa da kowa ba. Ya tsaya gaban Wagdi.

"Ɗana, da bakina na yi shelarsa sau biyu ban san wa nake shela ba. Na tsaya a sahu na sallace shi ina tunanin maganin idona. Mutumin da tun ina saurayi yake cika mini aljihu da turmus." Ya ƙara matsowa. "Ba a shela sai da izinin mai gawa. Ka ba ni izini."

Injiniya da Dakta suna kallo. Wagdi ya buɗe baki, ya ga ba wani abu ba ne mai wuya. Tun yana firamare sunan bai fito daga bakinsa ba, sai ga shi ya fito kamar kowace kalma.

"Ka ce Batta."

Lasifika ta yi tari. Hilal bai faɗi sunan kati ba, bai faɗi na Ustaz ba, ko salatin farko bai ƙarasa ba. "Jama'ar Kafr Gisr, Batta ya rasu. Batta na bakin gada. An binne shi da la'asar." Ya maimaita, muryar ta karye a tsakiya, aka ji yana jan hanci kafin a kashe.

Injiniya Midhat ya sunkuyo ya tambaya wa ne kuma Batta. Wagdi ya ce, babana.

Da farko ƙarar ƙofofin shaguna aka ji ana ja ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan mutane suka fara ɓullowa. Mahauta da jini a riga, masu tuktuk, malaman makaranta, manoma daga tsallaken ƙorama da laka a ƙafa, limamin cocin garin da mutanensa, wani ango da aka yi bikinsa bara yana jan tsohonsa makaho. Kujeru suka cika, aka tsaitsaya, mai gahawa ya aika a kawo ƙarin butoci. Mata suka taru a bakin lungu cikin baƙaƙen kaya, kukansu yana shigowa ta ƙarƙashin yadin rumfa. Kowa ya kama hannun Wagdi sai ya ce Allah ya ba ka haƙuri, ɗan Batta, ya ƙara da faɗin nasa mamacin da Batta ya ɗauki makararsa. Wannan uwarsa, wannan ɗansa na fari, wannan ƙaninsa da ba wanda ya so zuwa jana'izarsa. Wagdi bai san ko kashi ɗaya cikin goma nasu ba. Wasu ma daga ƙauyukan da bai taɓa jin ubansa ya je ba. Dakta Ra'uf, da aka matse shi jikin sandar rumfa, ya ce masa a kunne ashe Hajj shahararren mutum ne, me ya sa bai taɓa faɗa ba.

Ba wanda ya zage shi, kuma da sun zage shi da ya fi sauƙi. Ma'allim Dasuki ne kaɗai ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, ido jawur.

"Ta gabana kuka wuce da shi. Na miƙe, na yi shahada, na zauna." Ya girgiza hannun. "Na zauna fa, ɗan Batta. Na koma kan domino."

Wagdi ya ce Allah ya saka da alheri, don shi ne abin da ake cewa.

Kafin isha jama'a sun malala daga rumfa zuwa babban titi. Aka fito da tabarmin masallaci aka shimfiɗa a kan kwalta. Motocin Mansura suka yi layi tun daga gada, direbobi suna danna ham suna zagi, wanda aka gaya wa dalili ya kashe mota ya sauko. Wagdi yana kallon duk wannan ta kan kafaɗun mutane lokacin da wayarsa ta kaɗa. I'timad ce. Ya toshe kunne ɗaya don ya ji ta.

"Wagdi, wannan hayaniyar duk ta Baba ce? Ham ɗin motoci nake ji ko?"

Ya ce e.

"Alhamdu lillahi. Ya samu abin da yake so." Tana kuka tana dariya. "Gaya mini sallar. Masallacin ya ɗauke su kuwa? Sahu nawa aka yi masa?"

Mai karatu ya ɗauki sabuwar sura. Wani dattijo da Wagdi bai sani ba yana tsaye a gabansa, hannu a miƙe, yana jira.

"Sahu ɗaya ne, I'timad," ya ce. "Bai ma cika ba."

Ya jira, bai ji komai ba sai numfashinta. Ya sa wayar a aljihun kwat ba tare da ya kashe ba, ya miƙa wa dattijon hannu, na bayansa ya matso.